Injiniya Abdulƙadiri Sodangi, Mai Akwatin Bakin Gulbi

Na Allah muke, kuma komai nisan kwana hannunSa za mu koma.

Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab na 1446, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, da hantsi ina tsaye bakin ofishina a Rabah ina sallamar wasu iyayen ɗalibai, sai waya ta shigo. Adawiyya ce, babbar ɗiyarka. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ta ce, "Kawu Lawwali, Baba ya cika." Na ce ta sake faɗi, ta sake. Na zauna nan bisa dakali. Mutanen suka kama salati ba su ma san wa aka rasa ba. Da na ambaci sunanka, wani dattijo daga cikinsu ya dafe kai ya ce, "Mai akwatin gulbi?" Na ce shi.

Ka rasu a asibiti a Sakkwato bayan jinyar mako uku, kana da shekara hamsin da takwas.

Malam Abdulƙadiri, ni malamin lissafi ne da aka ɗora wa shugabancin makaranta, ban iya tsara magana ba. Kuma shekara tara kacal na yi da saninka. Akwai waɗanda suka fi ni haƙƙin yin wannan rubutu. Su za su faɗi cewa daga gidan malamai na Wurno ka fito, ka sauke Alƙur'ani ka shiga littattafai kafin ka san boko. Su za su faɗi shekaru ashirin da biyun da ka yi tsakanin Kaduna da Legas kana kula da manyan kwamfutocin kamfanoni, da yadda ka ajiye wannan duka ka dawo gida da mahaifiyarka ta tsufa. Ni abin da idona ya gani kawai zan faɗa, don na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A 2016 na fara ganinka. Makarantarmu ta al'umma ce, kuma wani ɗan gari ya turo mana tsofaffin kwamfutoci ashirin da huɗu daga wani ofis da aka rufe. Muka yi murna, muka share ɗaki, muka jera su. Sai dai in ka kunna ɗaya, za ka iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, in kuma ka taɓa ta sai ta cije. Masu gyara biyu suka duba, kowanne ya ce sun tsufa, a nemi sababbi. Mu da ko allon aji da ƙyar muke fentinsa. Ga shi a lokacin jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta. Shekarar da ta gabata muna da wata ɗaliba, Aziza, wadda ban taɓa koyar da mai kaifin lissafinta ba. Ta shiga ɗakin jarrabawa ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ta cinye sulusin lokacinta tana neman inda za ta danna ta wuce tambaya ta gaba. Ta fito tana kuka, ni kuma na kasa haɗa ido da mahaifinta.

Wani ne ya ce mini akwai wani injiniya da ya dawo Wurno. Ka zo a kan tsohon babur, da jakar buhu rataye a kafaɗa. Na zaci za ka fara kwance ƙusoshi. Sai kawai ka kunna ɗaya, ka jawo benci, ka zauna kana kallon wata 'yar fitila da ke ƙyaftawa a gabanta. Ka daɗe. Sannan ka ce:

"Malam Lawwali, ka ga hitilag ga da ba ta hutawa? Wagga ba matatta ba ta. Wahalalla ta."

Na ce ban gane ba. Ka ce, "Rumbunka na cike da gero, amma wa ka daka cikin rumbu? Sai an ɗebo an zuba turmi. To abin da aka ce ma ram, shi na turmin kwamfuta, ma'ajiyatta kuwa ita ta rumbu. Turmin wagga ƙarami na, an ko aza mata dakan gidan biki. In ya cika sai ta kwashe wani ta maida rumbu, ta ɗebo wani, ta koma maidawa. Nan taka wuni tsakanin rumbu da turmi, ba ta daka komi ba."

Daga ranar na san cewa a cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja wadda aikinta shi ne rabo: wa za a ba wuri a turmi, wa zai jira, wa za a fitar. Ka buɗe mini wani jeri a allon kwamfutar, ka nuna mini ƙananan manhajoji sittin da uku da ke tashi tare da ita tun kafin mutum ya nemi komai, kowace ta kama nata wurin ta zauna. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kana yi musu tambaya a fili kamar alƙali: "Ke mi kika yi nan? Wa yak kiro ki?" Wadda ba ta da amsa sai ka sallame ta. Malamaina suka taru bakin taga suna dariya. Da ka gama da ta farko ka sake kunna ta, ta tashi kafin in gama gyara zama, dariyar ta tsaya.

Kwana goma sha ɗaya ka yi kana zuwa. Ka sauke musu babbar manhajar da ta fi ƙarfinsu, ka ɗora wata marar nauyi. Shida da suka mutu da gaske ka zare ram ɗinsu, ka goge haƙoransa da kilinar fensir, ka ƙara wa 'yan'uwansu. Ka busa ƙurar da ta toshe fankokinsu, domin ka ce kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Goma sha takwas suka tashi. Har yau goma sha biyar daga cikinsu suna aiki. Aziza ta dawo ta zauna gaban kwamfuta ta bakwai wata uku, ta sake jarrabawa, yanzu tana haɗa magunguna a wani asibiti a Gusau.

Na taɓa tambayarka inda ka samo wannan ƙin ɓarna. Ka ce daga mahaifinka, Malam Sodangi. Ka ce bai taɓa yar da takarda mai sauran fari ba, sharhinsa duk a gefen shafi yake, yana zagayawa da rubutu har sai ya rasa inda zai sa alƙalami. Ka ce a Legas ka ga ana sayen sabuwar kwamfuta duk lokacin da tsohuwa ta yi nauyi, ba mai tambayar abin da ya nauyaya ta, kuma kai kana ganin wannan almubazzaranci ne ko da dukiyar ta kamfani ce. Shi ya sa ranar kasuwar Wurno ba ka iya wucewa da sauri. Mai albasa zai miƙo waya ya ce ta cika, mai shayi ya ce tasa tana shan caji. Ba ka taɓa cewa kowa ya sayi sabuwa ba sai ka duba. Kuma ba ka gyarawa a ɓoye, sai ka sa mai ita ya danna da hannunsa don gobe ya iya.

Amma abin da ya sa manoma suka san sunanka shi ne akwatin.

Kowa a yankinmu ya san halin gulbin Rima da damina. Ana iya wuni ba ɗigon ruwa a Wurno, alhali an kwana biyu ana sheƙawa can gabas, sai mutum yana tsakiyar shinkafarsa ya ga ruwa ya zagaye shi. A daminar 2021 ka kafa wani dogon ƙarfe a bakin gulbi kusa da Taloka, ka ɗaura masa akwati, da farantin sola wanda bai fi allon karatu ba, da batirin babur. Cikin akwatin akwai 'yar kwamfuta da ba ta kai kwalin ashana biyu ba. Duk minti goma tana auna tsayin ruwa. Duk awa guda tana turo maka saƙon tes cewa ga inda ruwa yake. In kuwa ya tashi da gaggawa, sai ta tura gargaɗi ga mutum arba'in, galibinsu na fadamar Kwargaba da tungayen da ke kewaye, waɗanda ruwan Taloka ke isa gare su bayan wasu awoyi.

Ka gaya mini ƙwaƙwalwar aikinta kilobait biyu ce. Na ce nawa ke nan? Ka yago shafi guda daga littafin rubutun ɗalibai ka ce in na cika shi gaba da baya da ƙananan haruffa, na wuce abin da za ta iya riƙewa. Gurbi dubu biyu da 'yan kai, kowane gurbi harafi ɗaya. Ba ta da babbar manhajar da za ta yi mata rabo, kai ne mai rabon, da hannunka. Na ga takardar da ka zana: nan lambobin waya, ka matse lamba biyu a gurbi ɗaya, nan awon ruwa, nan wurin haɗa saƙo. Na ce me zai hana ka sa babba ka huta? Ka ce babba tana cin wuta, kuma da damina rana ba ta da tabbas. Wadda za ta rayu kwana biyar cikin hadari ita ake bukata.

Sai akwatin ya fara ba ka kunya. Ya yi kwana tara lafiya, ya yi shiru. Wani masunci na Taloka, Yazid, shi ka roƙa yake kashe shi ya kunna, sai ya dawo daidai, bayan kwana tara ya sake yin shiru. Cikin Satumba Yazid ya tafi ta'aziyya Sabon Birni, akwatin ya yi shiru kwana uku ba wanda ya taɓa shi, kai kuma kana Sakkwato da mahaifiyarka a asibiti. Ruwa ya tashi. Ba babba ba ne, amma ya tafi da injinan ban ruwa shida, ya kuma ci san noman Baba Mode, dattijon da manoman fadamar Kwargaba ke jin maganarsa, wanda lambarsa ce ta farko a akwatin.

Ina zaurenka ranar da ya zo. Bai karɓi ruwan da aka kawo masa ba. Ya ce, "Ɗan Malam, da can muna aza mutum shi kwana shi wuni shina duban gulbi. Kai kaz zo kac ce muna akwati ya isa. Ga shi ya isa."

Ba ka taɓa cewa akwati ya isa ba, ni shaida ne. Amma ba ka musa masa ba. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ka yi gaskiya. Ka ba ni rani guda."

Da ya tafi na ba ka shawara irin ta masu son sauƙi. Na ce tunda kashewa da kunnawa na warkar da shi, ka sa ya riƙa kashe kansa kullum da asuba ya tashi, a wuce wurin. Ka ce za ka sa wannan don kariya, amma ba za ka kira shi magani ba. Ka ce, "Abin da ban san dalilinai ba, ban san ranad da za shi sake kama ba. Ba ni aza rayukkan mutane bisa abin da ban gane ba."

Da ruwa ya janye ka kwanto akwatin ka kawo ɗakin kwamfutocinmu. Ka sa shi ya riƙa faɗin guraben da suka rage masa bayan kowane aiki, ka kuma hanzarta shi yana haɗa saƙo duk minti ɗaya. Wata Laraba bayan Azahar ka aiko a kira ni daga aji. Na tarar da kai tsaye, kana nuna lambar da ke allon kwamfuta. Ɗari tara da huɗu. Bayan minti guda, ɗari tara. Sannan ɗari takwas da casa'in da shida. Duk saƙo ɗaya, gurbi huɗu na tafiya ba su dawowa. Ka miƙo mini alli ka ce, "Malamin lissahi, bismilla." Saƙo ashirin da huɗu a yini, sau huɗu, casa'in da shida. Na raba ɗari tara da huɗu da shi. Tara da ɗan ɗori. Watanni muna cewa zafi ne, ko sabis ne, wasu ma na cewa iskokin gulbi ne ba su son ƙarfen, ashe ga shi nan, lissafin da ɗan aji ɗaya zai yi.

Sanin yawan abin da ke zuba daban, sanin inda yake zuba daban. Ka buga umarnin da ka rubuta wa akwatin a takarda, shafi talatin da ɗaya, ka zauna gindin dogonyaron makaranta da jan biro kwana uku kana bin sa layi-layi da yatsa, yadda na ga malamai na bin littafi. Rana ta uku ka zagaye layi ɗaya. Duk lokacin da za ta haɗa saƙo takan ɗebi wuri, in ta gama ta mayar, amma akwai ɗan guntun da take ɗauka don rubuta lokaci, shi ne ka manta ba ka ce ta mayar ba. Ka soke ɗiba da mayarwar gaba ɗaya. Ka yanka wa saƙo wurinsa na dindindin tun daga tashi, ba ƙari ba ragi. Ka kuma ƙara mata wata doka: tsakanin awo da awo ta yi barci, in batir ya sauka rabi ta daina turo maka rahoton awa-awa, in ya kai rubu'i ta bar komai, ta riƙe sauran ƙarfinta don awo da gargaɗi kaɗai.

Abin da ka yi bayan nan ne ban taɓa ganin mai ilimi ya yi ba. Ranar Juma'a ka ce in raka ka Kwargaba. Bayan an sallame ka nemi izinin liman, ka miƙe a gaban mutanen da ba wanda zai iya karanta layi ɗaya na takardun nan, waɗanda da ka ce musu laifin kamfanin waya ne da sun yarda. Ka ɗaga shafin da jan zagayen ka ce:

"Jama'a, na gano abin da yas sa akwati shiru. Ba rana ba ta, ba sabis ba na. Kuskurena na, hannuna yar rubuta shi, ga shi nan. Na gyara. Amma ina roƙonku, ko ya koma bakin gulbi kada ku bar aza mutum. Ku riƙe biyun."

Baba Mode ya dube ka ya daɗe, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Damina ta zagayo, ka mayar da akwatin bakin gulbi. A ƙarshen Agustan 2022 aka yi kwana biyar rana ba ta fito ba. Rana ta uku rahoton awa-awa ya daina zuwa, na ce ciwon ya dawo. Ka ce a'a, yau kwanansa saba'in da shida yana aiki, wannan shirun na tattali ne. Ka kira Yazid ya je ya tsaya ƙarƙashin ƙarfen, ya ce 'yar fitilar kwamfutar akwatin na ƙyaftawa sau ɗaya duk minti goma. Ka ce to tana raye, tana ɓoye ƙarfinta ne.

Ranar Alhamis gari ya waye tas. Bayan kwana biyar a ɗaka, duk mai gona ya gangara fadama, maza da mata, makiyaya kuma suka tsallaka da shanu tsibirin da ke tsakanin rassan gulbi. Muna ɗakin kwamfuta ni da kai, ana hutu, kana canza wa ta goma sha biyu fanka. Wajen ƙarfe goma wayarka ta yi ƙara. Baba Mode ne, karo na farko da ya yi maka magana tun ranar zaure. Ka sa a fili ina ji.

"Ɗan Malam, akwatinka ya aiko, wai ruwa ya tashi taku ukku cikin awa guda, a hita hwadama. Ga rana tsaka, ko girgije babu. Ko ya koma haukanai?"

Ka ce, "Baba, in ƙarya ta, gobe Jumu'a ka tsai da ni gaban jama'a ka kira ni maƙaryaci. Amma yanzu don Allah hidda mutane. Hwara da na tsibiri."

Ya kashe waya. Ka ajiye taka bisa tebur ka zuba mata ido. Na ce mu tashi mana. Ka ce a jira. Sai a lokacin ka gaya mini cewa lambarka ce ta arba'in, ta ƙarshe. Tura saƙo shi ya fi komai cin wuta, batirin kuma kwana biyar bai ƙoshi ba. In naka ya iso, to na mutum talatin da tara sun tafi. In bai iso ba, ba ka san a kan wa ƙarfinta ya ƙare ba, sai mu bi su da kira ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Ban taɓa jin tsawon minti goma sha ɗaya irin na ranar ba. Leɓunanka na motsi, ban san abin da kake karantawa ba. Sai wayar ta yi haske. Ka duba, ka rufe ido, ka ce, "Alhamdu lillahi. Tashi mu tahi."

Da muka isa Kwargaba bayan Azahar, tudun da ke bayan gari ya cika. Amalanke, injinan ban ruwa, tumaki, mata da goyo, shanu sun fi ɗari uku. Baba Mode ya sa an yi shela a lasifikar masallaci, ya tura masu babura kowace tunga. Har lokacin fadama a bushe take, rana na dukan shinkafa, wasu sun fara gunaguni cewa an raba su da aikin yini a banza. Kana tsaye gefe kana duban gabas.

Ana kiran La'asar muka fara jin sa, wani irin gurnani daga gabas. Sannan muka gan shi, ja wur, yana tafe da itatuwa da bukkokin masu gadi. Kafin a idar da salla tsibirin da shanu suka bari ya nutse, ko kan ciyawa ba a gani. Inda mutane ke duƙe da safe, ruwa ya kai wuyan namiji. Na juya na dubi jama'ar da ke kan tudun, na yi ƙoƙarin ƙirga su na kasa, na tuna shafin littafin da ka yago mini. Ikon Allah ne, ba shakka. Amma na ga sababin da Ya bi da idona, kuma gurbi huɗu ne tsakaninsa da shiru.

Shinkafa ta tafi, shekarar an sha wuya. Rai ko ɗaya bai tafi ba. Baba Mode ya ratso mutane ya zo inda kake, ya kama hannunka da hannu biyu. Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam Sodangi." Kai kuma ka fashe da kuka kamar ba injiniya ba.

Bayan mako biyu Yazid ya kai ka da kwalekwale ka duba akwatin. Ka dawo kana murmushi, na zaci wani yabo aka yi maka. Ashe guraben da suka rage ka duba: ɗari tara da huɗu, yadda ka bar su ranar farko.

Akwatuna shida ne yanzu a bakin gulbi. Wasu manya sun so a yi taro a karrama ka, ka ce a bari sai an ga damina goma. Uku ka gani. Adawiyya ka zaunar ka koya wa aikin, shafi-shafi, har ta fara kama ka da kuskure, kana ba da labarin da alfahari.

Na je duba ka asibiti ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka. Ka rame ƙwarai, magana sai a hankali. Na zo da kalaman ƙarfafa zuciya, ba ka bar ni na yi su ba. Ka ce wa Adawiyya ta rubuta: batirin akwatin Taloka ya shekara uku, a canza shi kafin ruwan farko, lambar mutum biyu ta sauya, a gyara. Sannan ka juyo ka ce, "Malam Lawwali, ka yahe mani. Na cika tsawaita bayani." Na ce ni ne mai neman gafara. Ka yi dariya kaɗan, ka ce in gaida ɗalibai.

An yi maka salla a Wurno bayan La'asar. Ban san yadda labari ya kai fadama da wuri haka ba. Mutanen Kwargaba, da na Taloka, da na Lahodu, a babura da a ƙasa, har sahu ya fita titi. Makara ba ta yi taku uku a kafaɗa ɗaya ba.

Ranar uku, mai ɗakinka Hajiya Halimatussa'adiya ta aiko a gaya mini wani abu, ta ce in zan rubuta in sa shi. Wata mata ce ta shigo cikin gida, ba wanda ya san ta, ƙafafunta fari fat da tafiya. Ta ce sunanta Ma'u, daga wata tunga ta bayan Kwargaba. Ta yi gaisuwa, ta zauna, ta ƙi tashi. Da aka tambaye ta ko akwai wani abu, sai ta ce ranar ruwan nan tana tsibiri da 'ya'yanta mata uku suna kai wa mijinta fura. Ta ce tun ranar ba ta yi salla ba ta sa ka a addu'a ba, amma ba ta taɓa ganinka ba. "Hajiya, ko akwai hotonai? In ga huskad da nika roƙa ma gahwara." Aka ɗauko mata. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta mayar, ta ce, "Ashe haka shike." Ta yi sallama ta kama hanya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Halimatussa'adiya, da Adawiyya, da ƙannenta Hanif da Khadijatu, da ƙaninka Malam Kabiru da dukkan zuri'ar Malam Sodangi. Ina yi wa mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ta'aziyya, da malamai da ɗaliban makarantarmu, da ni kaina. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya tsare bayanka, Ya sa albarka a abin da ka bari.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulƙadiri ya zo gare Ka. Mun shaida bai ɓarnatar da abin da Ka ba shi ba, ƙarami ko babba, kuma da ya yi kuskure bai ɓoye ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa kowane rai da ya hau tudun nan ya zama hujja gare shi ranar da ba wani tudu sai rahamarKa. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Lawwali Isa Rabah